Wa'adin Kwana Talatin da Hausar Tafsiri: Misali daga Ƙasar Batsari da Safana

Manazarta sun saba raba adabin Hausa gida biyu, na baka da rubutacce, sa'an nan su kasa kowanne zuwa waƙa da zube da wasan kwaikwayo. A cikin wannan kaso ba kasafai ake tunawa da tafsirin watan azumi ba, wataƙila domin ana ganin sha'ani ne na malaman addini kawai. Alhali kuwa in aka duba ta fuskar harshe, da wuya a sami wani fage da ake zuba Hausa mai tsawo a gaban jama'a, kullum ba fashi har wata guda, kamar wannan. Ingancin fassara ta fuskar aƙida yana da masu shi, ba kuma shi za a taɓa a nan ba. Abin dubawa shi ne wa'adin kansa, watau sharaɗin a zauna kowace rana tun daga ganin wata har zuwa dab da salla, da irin abin da sharaɗin yake yi wa Hausar mai magana. An ɗauki ƙasar Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, a matsayin misali saboda karin harshenta da kuma halin da ta shiga.

Ya kamata a fara da lissafi. Alƙur'ani izu 60 ne, ayoyinsa kuma sun haura 6,200. Malamin da ya ƙudura niyyar saukewa cikin watan dole ya ci izu biyu a kowane zama, watau aya 200 da ɗoriya a matsakaicin lissafi. In zaman na awa biyu ne, rabon kowace aya bai wuce rabin minti da kaɗan ba, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne mai jan baƙi zai ja, malam ya fassara, ya kuma yi sharhi in da hali. In aka rufe tafsiri kafin ranar 29, kamar yadda aka saba a wurare da yawa, sai nauyin ya ƙaru.

Littafin da aka fi riƙewa a irin wannan zama shi ne Jalalaini, shi ma kuwa rabinsa ɗan wa'adi ne. Jalaluddini Mahalli ya fassara daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya rasu a 1459 bai kammala sauran ba. Almajirinsa Jalaluddini Suyuɗi, wanda daga baya ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, shi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i cikin kwana 40, daga farkon Ramalan zuwa 10 ga Shawwal na shekarar 870 ta Hijira, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Alamar gaggawar nan tana jikin littafin: kalma a gefen kalma, bayani a gajarce, ba dogon labari. Wannan gajarta ce ta sa ya dace da mai son saukewa a wata ɗaya. Marubutan zamani ma sun gano amfanin irin wannan takura. A Amurka, daga 1999, an yi ta shirya gasar rubuta ƙagaggen labari mai kalma 50,000 cikin kwana 30, har ƙungiyar da ke shirya ta ta rufe a 2025. Sai dai marubucin can yana rufe ƙofa ne ya yi daftari wanda zai gyara daga baya. Malamin tafsiri ba shi da daftari. Abin da ya fita bakinsa ya fita.

Babbar ribar wannan wa'adi ita ce Hausar da ya haifar. Mutumin da yake da rabin minti ba shi da sararin laluben kalma, saboda haka tun kaka da kakanni malamai suka ajiye wa kowane harafi na Larabci abokin tafiyarsa na Hausa, wanda ba ya canjawa. Inda duk "inna" ta zo, "lalle" ce. "Ƙad" kuwa "haƙiƙa". "Illa" ta zama "face". "Innama" ta zama "abin sani kawai". "Saufa" ta zama "da sannu". "Ba'alu" ya zama "sashe". "Zu" ya zama "ma'abocin". Haka sunayen Allah suka sami "Mabuwayi" da "Mai rinjaye" da "Masani". Wasu daga cikin waɗannan kalmomi sun daɗe da barin kasuwa da zaure, ba inda yaro zai ji su sai a bakin malami. Da ba domin ana maimaita su kullum har wata guda a kowace shekara ba, da tuni sun koma cikin ƙamusun Bargery na 1934 sun kwanta. Fassarar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi, wadda aka buga a 1979, cike take da su, kuma daga wannan rumbu na baka ta ɗebo su.

Akwai kuma horon da zaman yake yi wa harshen mutum. Wanda ya saurari malami a rana ta biyu, ya sake sauraronsa a ta goma sha biyar, zai ji bambanci: baki ya sake, numfashinsa ya daidaita da na mai jan baƙi, har ya zamana ɗaya na ajiye aya ɗaya na ɗauka ba tare da an ji gaɓa ba. Wannan karɓa-karɓa tsakanin murya mai rerawa da murya mai bayani tsari ne da ya cancanci nazari irin wanda aka yi wa makaɗi da 'yan amshinsa, ko da yake muhallin ya bambanta ƙwarai.

A nan ne ƙasar Batsari da Safana ta shigo. Malamin da ya tashi a Ruma ko Wagini ko Runka, ya yi karatun zaure, in ya hau buzu da Katsinanci yake fassara, domin gaggawa ba ta barin mutum ya yi kwalliyar Daidaitacciyar Hausa. Sai a ji "ya hwaɗi" da "ya tahi" da "shina" da "mashi" suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da "haƙiƙa" da "face". In ya zo kawo misali kuma, abin da ke kusa yake kamawa: rogo da gero, shanun da ke kiwo a gefen Dajin Rugu, awon hatsi ranar kasuwa. Wannan haɗuwa ta tsohuwar Hausar malamai da karin harshen manoma ba a samunta a littafi ko ɗaya.

To, amma wa'adi makaho ne, bai san nauyin aya ba. Rabon izu bisa tsawon baƙi aka yi shi, ba bisa yawan bayanin da ake bukata ba. Ayar bashi, wadda ta fi kowace aya tsawo, tana faɗowa a rana ta uku, tare da ayoyin riba. Ayoyin gado na farkon Suratun Nisa'i suna zuwa a rana ta huɗu. Waɗannan su ne wuraren da manomi da ɗan kasuwa da matar da aka mutu aka bari suka fi bukatar a tsaya musu, su ne kuma mai saukewa yake wucewa da gudu domin akwai sauran aya ɗari a gabansa. Ƙissar Annabi Yusufu, a ɗaya ɓangaren, ta yi sa'a: ta rabu tsakanin rana ta 12 da ta 13, jama'a su kwana da ɗokin ji, malam kuma ya sami fili. A kwanakin ƙarshe, lokacin da murya ta dushe, ƙishirwa ta yi yawa, hankalin mutane ya koma kan ɗinkin salla, sai ga izu biyu na ƙarshe da surori 37.

Aibi na biyu yana cikin ribar da aka ambata. Abokin tafiyar da ba ya canjawa yana sauƙaƙa wa malami, amma yakan bar mai sauraro a baya. Fassarar kalma da kalma tana ɗauko tsarin jimlar Larabci ɗungurungum, aikatau a gaba, aikau a baya, sai a sami irin "ya tafi, shi Zaidu, zuwa ga kasuwa". Kowace kalma Hausa ce, jimlar kuwa ba Bahaushiya ba ce. Wanda ya yi karatun zaure yana jin Larabcin ta cikinta kamar mai leƙe ta taga. Wanda bai yi ba yakan fita da albarkar zama, amma in aka tambaye shi abin da aka ce sai ya yi shiru. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya hango irin wannan giɓi tun a Larabce, shi ya sa bayan Liya'ut Ta'awili ya sake rubuta Kifayatu Lu'afa'is Sudan a taƙaice, bisa ruwayar Warshu da mutanen ƙasar nan suka sani.

Wasu malamai sun zaɓi su riƙe zaman kullum su saki sharaɗin saukewa. Wannan hanya ta yi ƙarfi bayan da rediyon Kaduna ya fara watsa tafsirin Shaihu Gumi daga Masallacin Sultan Bello cikin shekarun 1960, ta ƙara bunƙasa a zamanin kaset, musamman a tafsirin Shaihu Ja'afar Mahmud Adam a Masallacin Indimi na Maiduguri kafin kashe shi a 2007. Malami ya ɗauki 'yan ayoyi ya baje su, badi ya ɗora daga inda ya tsaya. Hausar da ke fitowa daga nan ta fi sauƙin shiga kunne, jimlolinta na Hausa ne. Sai dai matsalar ta juye: da can baƙi ya yi wa lokaci yawa, yanzu lokaci ya yi wa baƙi yawa. A hannun ƙwararre filin yakan cika da ilimi. A hannun wanda guzurinsa ya ƙare tun ranar goma, kuma dole ya zauna gobe, filin yakan cika da maimaici da raddi da zancen siyasa. Ashe izu biyun nan linzami ne. Mai saukewa, duk da gudunsa, ba shi da lokacin zagin kowa.

Tafsirin manyan birane yana nan a kaset da wayoyin hannu, na ƙauye kuwa yana tashi tare da tabarmi. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Batsari da Safana, irin wanda aka kai Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30, sun tarwatsa ƙauyuka da dama, mazaunansu suka kwarara cikin garin Batsari da birnin Katsina. Malamin da ya yi hijira yakan koma mai sauraro a masallacin wani, almajiransa kuma su ɗauki Hausar wanda suke ji a waya. Ɗalibin da ke neman batun digiri na biyu ba ya bukatar ya ɗauki watan duka. Ya nemi malami ɗaya mai saukewa da ɗaya mai baje ayoyi, ya naɗi kowannensu a rana ta 4 da ta 12 da ta 27, ya rubuta abin da suka faɗa da karin harshensu ba tare da ya mayar da "hwaɗi" "faɗi" ba, sa'an nan ya ƙirga minti nawa ayoyin gado suka samu, minti nawa kuma rijiyar Yusufu da kurkukunsa suka samu.