Tafiyar LibreOffice: Ƴanci ko Araha?

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Da wannan magana ya kamata a auna LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi wadda ake samu kyauta, kuma kowa ke da izinin duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu.

Wannan manhaja matafiyiya ce. Asalinta kamfanin Star Division ne, wanda Marco Börries ya kafa a Jamus a 1985. Kamfanin Sun na Amurka ya saye shi a 1999, ya buɗe sirrin ginin manhajar a 2000 da sunan OpenOffice.org. Da Oracle ya saye Sun a 2010, sai wasu daga cikin masu aikin suka yi tsoron makomarta, suka ware da sunan LibreOffice, suka kafa gidauniya mai mazauni a Berlin.

Masu yabonta sukan kira ta manhajar ƴanci. Amma labarin birnin Munik ya nuna cewa ƴancin nan yana rataye ne a wuyan siyasa. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar barin Windows, duk da cewa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya yi takakkiya har wurin magajin gari Christian Ude don ya shawo kansa. Zuwa 2013 an sauya kwamfutoci kusan 15,000. Sai aka yi sabon magajin gari a 2014, kuma a 2017 majalisar ta zaɓi komawa ga Windows, tana kuka da wahalar musayar takardu da sauran ma'aikatu. Manhajar ba ta lalace ba a tsakanin shekarun nan. Masu riƙe da madafun iko ne suka canza.

A nan ne raunin hujjar masoyanta yake. Sun fi ɗaga murya kan araha, alhali kuwa kyauta ba ta koya wa sakatare aiki, ba ta kuma gyara takardar da ta hargitse idan an buɗe ta a wata na'urar. Jandarmomin Faransa, waɗanda suka rungumi OpenOffice tun 2005, sun bi abin daki-daki ne: manhajar ofis da farko, daga baya sauran.

Darajarta ta gaskiya tana cikin tsarin adana takardu na ODF, wanda hukumar ISO ta amince da shi a 2006. Ƙa'idojinsa a fili suke, don haka takardar da aka adana da shi ba ta zama fursunan kamfani guda ba. Ga malamin da ke tanadin darussa a Damagaram, ko ƙungiyar da ke tattara tatsuniyoyi a Tawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne: abin da aka rubuta yau, jikoki za su so su buɗe shi. Sai dai ƙugiyar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba ta fitowa sai an dace da haruffa da allon bugu masu ɗauke da ita.

Saboda haka LibreOffice ta cancanci yabo, amma ba kirari ba. Ta ba da gona; noman kuwa yana wuyan mai ita.