Jinjina ga Masu Jinyar Ɗaka a Ƙasar Adar

Idan ciwon dajin dubura ya yi nisa har mutum ya kasa riƙe bayan gida, to, abin da ke cin ransa ya fi raɗaɗi nauyi, domin kunya ce ke hana shi masallaci da kasuwa da zaman majalisa. Saboda haka ya wajaba mu jinjina wa matan aure da 'ya'ya da ƙanne na ƙauyukan Madawa da Buza da Kaita, waɗanda, a ƙasar da ruwa ke da wuya, sukan ɗebo shi daga rijiya mai zurfi, su wanke majinyaci tun kafin asuba, su shafa masa man kaɗanya inda fata ta saɓule, su sauya ledar shimfiɗa, su shanya tsummoki a bayan ɗaki, ba tare da maƙwabci ya ji komai ba.

Asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, yana kusa. Cibiyar ciwon daji ta ƙasa kuwa tana can Yamai, tafiyar da ba kowane talaka ke iyawa ba. Shi ya sa galibin jinyar a gida take ƙarewa.

Malaman zaure ma sun cancanci yabo, musamman waɗanda ke bayyana wa majinyaci hukuncin salasi a mazhabar Malikiyya, cewa abin da ke fita ba da ikonsa ba, matuƙar ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sallarsa kuma ingantacciya ce.