Jinjina ga Masu Gyara Hoton Ɓeran Gwaji

Ina jinjina wa masanan da ke zama a bayan na'urar PET ta ƙananan dabbobi, irin microPET da tawagar Simon Cherry ta ƙera a jami'ar UCLA ta Amurka. Akan yi wa ɓera allurar sukari mai ɗauke da fulorin-18, jikinsa ya riƙa fitar da tagwayen haske masu ƙarfin 511 keV, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Sai dai nama na tare wasu a hanya. A ɓera mai kaurin santimita 3, kusan rubu'in tagwayen da ke ratsa tsakiyarsa ba sa isa na'urar. In ba a gyara ba, ƙarin ciwon daji da ke can cikin jikin ɓeran zai bayyana a dushe, awon ya fito ƙasa da gaskiya.

Masanan nan su ke cike wannan giɓin. Sukan zagaya dabbar da ɗigon jamaniyam-68, ko su ɗauki hoton CT su auna abin da ƙashi, huhu da tsoka suka shanye, ɗigo bayan ɗigo. Hatta gadon da ɓeran ke kwance a kai sai sun sa shi a lissafi. Wannan haƙurin nake girmamawa, domin da lambobinsu ake gwada magungunan ciwon daji kafin su kai ga mutum.