Zaɓi da Hukunci a Wasannin Kwamfuta na Shiga Rigar Wani

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wani fanni na wasannin kwamfuta, watau irin waɗanda ɗan wasa kan shiga rigar tauraron labari, ya yi magana da bakinsa, ya kuma zaɓar masa abin da zai aikata. Abin da ya jawo hankalinmu kuwa a Tudun Wada ta nan Zariya muka gan shi. A gidajen gem na unguwar galibi ƙwallo ake bugawa, domin wasa-wasa ake biya, shi kuwa wasan labari yakan ci sa'a talatin ko fiye. Amma a ɗakunan ɗalibai masu kwamfuta akan yi shi, kuma sau da yawa mun tarar mutum ɗaya ne ke riƙe da na'ura, huɗu ko biyar suna bayansa suna gardamar amsar da ya kamata ya zaɓa. A ganinmu da wannan gardama ya kamata a auna ingancin irin waɗannan wasanni.

Za mu fara da Ultima IV, wanda Richard Garriott ya fitar a Amurka a 1985. An gina shi a kan halaye takwas na kirki, cikinsu har da gaskiya da tausayi da adalci da tawali'u. Tun kafin a shiga labari wata mai duba za ta yi ta gwara halayen biyu-biyu. Alal misali, an ba ka amanar jakar zinariya wadda ba a ƙirga ba, sai ka haɗu da almajiri. Za ka ba shi tsaba ɗaya, ko za ka kai jakar yadda aka ba ka? Duk wanda ya san laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa zai ga dangantaka, don shi ma halaye ya jera, kamar gaskiya da amana da karamci da kunya da mutunci. Sai dai Garriott ya lura da abin da jeri kaɗai ba ya nunawa, watau cewa halin kirki yakan yi karo da ɗan'uwansa. Zaɓi tsakanin amana da sata ba shi da wuya. Wuyar tana tsakanin amana da tausayi.

Wasannin da suka biyo baya da yawa sun bar wannan turba. Kamfanin BioWare na Kanada, a Mass Effect na 2007, ya shirya amsoshi a kan wata da'ira: ta sassauci tana sama, ta gatsali tana ƙasa, wasu ma an rina su shuɗi ko ja, kowace kuma da makinta. Ke nan tun kafin mutum ya karanta magana an riga an gaya masa hukuncinta. Abin ya fi muni a kashi na biyu, na 2010. Akwai wurin da mata biyu daga cikin mabiyan tauraro, Miranda da Jack, suke rikici, kuma ba za a buɗe maka kalmar da za ta sulhunta su ba sai makinka na ɓangare ɗaya ya taru sosai. Saboda haka mai dabara ba ya tsayawa ya auna kowane al'amari, sai ya yi ta danna sama don tara guzuri. Abubakar Imam ya sa wa littafinsa suna Magana Jari Ce, kuma akun da ke cikinsa da hikimar zance yake tsare ɗan sarki daga halaka. A nan kuwa magana ta zama jari na kasuwa, ana tara ta ana kashewa. Ba mamaki da wani tsohon ma'aikacin kamfanin, John Ebenger, ya ce a 2020 kimanin kashi 92 cikin ɗari na 'yan wasa hanyar sassauci suka bi. Idan aka yi irin wannan rinjaye, to, 'yan kallo na bayan kujera ba su da abin musu.

Mu kuwa muna da wani tsohon salo da ya warware wannan matsala tun kafin a ƙera kwamfuta. Cikin labarunmu na baka akwai waɗanda ba sa ƙarewa da ƙurunƙus kawai, sai da tambaya. William Bascom ya tattara ire-irensu daga ƙasashen Afirka daban-daban a wani littafi na 1975. Sananne a cikinsu shi ne na mutumin da kwalekwale ya kife da shi da mahaifiyarsa da matarsa, kuma mutum ɗaya kaɗai zai iya fitarwa. Mai ba da labari ba ya raba gardama. Yakan ja bakinsa ya bar dandali ya kaure, tsoho ya kawo hujjarsa, ango ya kawo tasa. Aikin labarin ya bayyana halin masu sauraro ne, kowa ya ji abin da maƙwabcinsa ya fi darajantawa.

Wasan da muka ga ya fi kusa da wannan salo shi ne The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan, 2015. Ba shi da ma'aunin kirki ko mugunta. A wani wuri tauraro zai tarar da wani ruhi a ɗaure cikin bishiya, yana roƙon a sake shi don ya ceci wasu marayu daga hannun mayu. In ya sake shi, marayu su tsira, amma ruhin ya hallaka mutanen wani ƙauye, wata mata ta mutu, mijinta ya rataye kansa. In ya kashe shi, ƙauye ya tsira, marayu su salwanta. Ba a kuma ganin sakamakon sai bayan tafiya ta yi nisa, lokacin da komawa baya ya yi tsada. Muna da ƙorafi ɗaya a kansa, shi ne yawan baƙin ƙarshe yakan sa mutum ya zaci kowane zaɓi banza ne, wanda shi ma wata hanya ce ta kashe gardama. Duk da haka wannan bishiya ta fi dukan shuɗi da jan BioWare tayar da musu a ɗakunan da muka ambata.

Saura batun jerin amsoshin kansa. Kusan dukan waɗannan wasanni sun ɗauka cewa hali a furuci yake, wanda ya fi kirki shi ne wanda ya zaɓi jimla mafi daɗi. A wurin Bahaushe ba haka abin yake ba. Kunya da kara da kawaici galibi a rashin faɗa suke bayyana. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ɗa ba ya mayar wa mahaifi magana ko da shi ke da gaskiya, dattijo yakan ji laifin maƙwabci ya yi kamar bai ji ba. The Walking Dead na kamfanin Telltale, 2012, ya taɓo wannan, don yana ba da ɗan lokaci, in ya wuce ba ka zaɓi kome ba sai a lissafa shirun a matsayin amsarka. Amma shiru iri ɗaya ya sani. Duk ɗalibinmu da ya tashi ƙera irin wannan wasa da Hausa zai tarar cewa shirun surukar da ke jin nauyi daban yake da shirun wadda ta yi fushi, kuma tilas ya nemi yadda na'ura za ta rarrabe su alhali a kan allo babu kalma ko ɗaya da za a danna.