Gwajin Rotterdam bai raba gardamar aikin gwiwa ba

Idan guringuntsin gwiwa ya zaizaye ta ɓangaren ciki, ƙafa takan lanƙwashe kamar baka, nauyin jiki ya ƙara tarewa a wurin da ya riga ya lalace. Ga mai sauran ƙarfi, ɗan shekara 45 ko 50, likitocin ƙashi sukan guji sa masa gwiwar roba da wuri. Sai su yanka saman sangali su miƙar da ƙafar, nauyin ya koma ɓangaren waje mai lafiya.

Hanya biyu ce ta fi shahara. Ta farko, wadda Mark Coventry na asibitin Mayo a Amurka ya yayata a 1965, ana cire ɗan yankin ƙashi ta waje, kamar yankan kankana, a haɗe bakin. Ta biyu kuwa, ta ciki ake tsagawa a buɗe giɓi, a riƙe shi da farantin ƙarfe.

Wacce ta fi? Kusan duk mai wannan muhawara sai ya kafa hujja da gwajin da aka yi a Rotterdam ta ƙasar Holan, inda aka raba majinyata 92 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rahoton shekara shida ya fito a 2014: masu buɗe giɓi sun fi samun matsala, 17 a kan 4, amma masu cire yanki sun fi komawa aikin gwiwar roba, 10 a kan 3. Ta fuskar ciwo da tafiya, babu bambancin kirki.

Aiki ne mai kyau, gaskiya, don irin wannan gwaji yana da wuya a fagen tiyata. Inda nake da ja shi ne yadda ake karanta shi. Ba salon yanka kaɗai aka gwada ba. Masu buɗe giɓi an sa musu farantin Puddu, ƙarami, kuma da yawansu an ɗebo ƙashi daga ƙugu an cike giɓin. To, ciwon ƙugun nan ya shiga lissafin matsaloli, alhali laifin ɗebo ƙashi ne, ba na buɗe giɓi ba. Yau likitoci da yawa suna amfani da faranti mai kulle kusoshi irin TomoFix, wanda sau da yawa ba ya buƙatar ciko. Ka ga kenan, ƙarfen jiya aka auna.

Ɗaya adadin ma ban sake jiki da shi ba. Mutum 10 da mutum 3 ba yawa ba ne. A sauya ra'ayin biyu ko uku, bambancin ya dushe. Kuma komawa gwiwar roba shawara ce tsakanin likita da majinyaci, ba ma'auni ba ne kamar na awon jini. Wani zai jure, wani ba zai jure ba.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne wace gwiwa ce a gabanmu. Buɗe giɓi yakan saukar da ƙoƙon gwiwa, ya ƙara gangaren saman sangali, abin da ba a so ga mai raunin jijiyar gaba ta cikin gwiwa. Cire yanki kuma dole a taɓa siririn ƙashin gefe, kusa da jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa. In ta samu rauni, mutum zai riƙa jan ƙafa, wani lokaci har abada.