Masu Karanta Ruwan Binuwai

A wuraren da masu hannu da shuni ke zuwa hutu, irin su tsibiran Karibiyan, akwai wata shaƙatawa mai tsada: mutum ya yi hayar jirgin ruwa na alfarma, mai ɗakunan kwana da kuku, ya shafe mako yana yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Matuƙin irin wannan jirgi gwani ne, ba musu. Sai dai yana da taswira a gabansa, yana da na'urar da ke faɗa masa zurfin ruwa, kuma tsibirin da ya bari bara yana nan inda ya bar shi. Mai kwale-kwalen da ke ƙasan gadar Jimeta, 'yar tafiya kaɗan daga unguwar Dubeli, ba shi da ko ɗaya cikin ukun nan. Tsibiransa na yashi ne, kuma duk damina sai kogi ya kwashe su ya sake jera su inda ya ga dama.

Binuwai ya taso ne daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru, ya bi ta Garwa, ya haɗu da kogin Faro dab da iyakar Najeriya, ya ratsa Jimeta da Numan da Makurɗi, har ya gamu da Neja a Lakwaja, tafiyar kilomita kusan 1,400. A watan Agusta da Satumba yakan cika ya batse, ruwan ya yi ja saboda laka, yana gudu da itatuwa da ciyayi. Zuwa Maris da Afrilu kuwa sai ya janye, ya rarrabu gida-gida tsakanin tuddan yashi, har a wasu wuraren yaro ya taka ruwan bai wuce masa gwiwa ba. Kogi ɗaya ne, amma aikin tuƙi biyu ne, kuma wanda ya iya ɗaya kaɗai bai zama matuƙi ba tukuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne karatun fuskar ruwa. Ni da kai idan mun tsaya a gaɓa, ruwa kawai muke gani. Shi kuwa rubutu yake gani. Inda ruwa ya yi ƙananan tsage-tsage yana ƙyalli, ya san yashi ne a kusa, jirgi zai dafe. Inda ya kwanta luf ya yi duhu, nan zurfi yake. Idan ya hango ruwa ya tsage biyu yana barin wata 'yar alama da ba ta gusawa, to kututture ne ya nutse ya kafe a ƙasa, irin wanda ke fasa cikin jirgi ko ya karya farfelar inji. A kwana kuma ya san cewa ruwa gaɓar waje yake ci, can yake haƙa rami, yana zubar da yashi a gaɓar ciki. Shi ya sa za ka ga ya bar hanyar da idonka ke cewa ita ce gajeriya, ya yi wani dogon zagaye ya bi gindin gangare. Fasinjan da bai sani ba sai ya ɗauka ɓata lokaci ne. Da ya miƙe kai tsaye, da sai kowa ya naɗe wando ya sauka an tura.

Ido kaɗai ba ya isa, musamman lokacin hunturu da hazo ke rufe ɗaya gaɓar. Nan doguwar gora ke shigowa. Ba don tura jirgi kawai ake riƙe ta ba: duk sanda ya kafa ta, hannunsa na jin abin da ke ƙasa. Yashi mai tauri yakan karɓe ta ya sake ta. Laka takan riƙe ta, kuma wanda bai iya murɗa ta ya zare ba, ko ya rasa gorar ko ya bi ta cikin ruwa. Idan gora ta daina taɓa ƙasa, sai a ajiye ta a ɗauki filafili. Mai inji ma da ya san abin da yake yi ba ya rabuwa da su, domin inji yakan mutu a tsakiyar kogi ba tare da sallama ba.

Ƙetarewa da damina wani fanni ne daban. Ba a nufar inda za a sauka. Matuƙi yakan fara haurawa ta gefen gaɓa, inda gudun ruwa bai da ƙarfi, sannan ya karkata hancin jirgi sama-sama ya shiga tsakiya, ya bar ruwa ya riƙa gangaro da shi a hankali har ya dire daidai mashigar da yake so. Lissafi ne na gudun ruwa da nauyin kaya da ƙarfin damtse, ana yin sa a ka cikin ƙiftawar ido. Idan hadari ya taso daga gabas, gwani yakan gane tun kafin iska ta iso, ya nemi gaɓa. In kuwa ta riske shi a tsakiya, ba ya yarda igiyar ruwa ta doki jirgi a haƙarƙari, da hanci yake tarbar ta, yaronsa na kwalfe ruwa ba ƙaƙƙautawa.

Tun kafin a tashi ma an fara aikin. Buhunan masara da shinkafa a tsakiya, a ƙasa. Babur a kwance ko a ɗaure. Mutane a raba su dama da hagu gwargwadon nauyi. Za ka ji yana cewa, “Inna, matso nan tsakiya ki zauna, kada ki jingina da gefe,” ko “Malam, don Allah ka jira na gaba, wannan ya cika.” Maganar ƙarshen nan ita ce mafi wuya a sana'ar, domin kuɗi ne yake mayarwa da hannunsa, ga mai gaggawa na yi masa magiya. A wurina, wanda ke iya faɗin ta shi ne gwanin gaske.

Ilimin nan ya girmi gada, ya girmi Jimetar da muka sani. Da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya iso mahaɗar Faro da Binuwai a watan Yunin 1851 yana nufin Yola, a kwale-kwalen mutanen wurin aka ƙetare da shi. Sojojin Ingila da suka zo yaƙar Lamiɗo Zubairu a Satumban 1901, ta ruwa suka zo, lokacin da kogi ya cika. Daga baya jiragen kamfanoni sukan hauro da damina su kwashi gyaɗa da auduga, kuma tashar jiragen nan na cikin abin da ya raya Jimeta. Manyan jirage sun daina zuwa, amma Bata da Bachama da Jukunawa da masuntan Hausawa suna nan kan ruwansu.

Wani abu ya ƙara wa karatun wuya. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a Kamaru a 1982, tashin ruwa a Jimeta bai tsaya ga ruwan sama kaɗai ba. Idan aka buɗe ƙofofin madatsar, kogi na iya haurowa alhali sama tangaran take. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a yankin Fufore don ta tare wannan ruwa, har yau ba a gina ta ba. A ambaliyar 2012 da ta 2022, da ruwa ya shanye hanyoyi da gonaki a garuruwan bakin Binuwai, masu kwale-kwale ne suka riƙa shiga inda mota ba ta zuwa suna fito da tsofaffi da yara da awaki. Tuƙi a kan gonar da ruwa ya rufe ya fi na kogi haɗari, saboda shinge da turaku da katangu duk suna ɓoye a ƙasa.

Ba makarantar da ake koyar da wannan. Yaro yakan fara da kwalfe ruwa da ɗaure igiya, ya koyi toshe tsagar katako da tsumma da kwalta, sannan a ba shi filafili a gaba, uban gidansa na baya yana gyara masa hanya. Sai ya ga damina da rani sun juya sau da yawa kafin a bar masa baya. Abin da ke damuna shi ne, yanzu duk wanda ya samu kuɗin inji yana iya ɗaukar fasinja ba tare da ya bi wannan mataki ba, kuma inji ba ya koya wa kowa inda kututture yake. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, tana hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, tana kuma matsa wa a sa rigar kariya. Duk daidai ne, kuma rigar nan ko gwani bai fi ƙarfinta ba. Amma ina ganin kafin a bar sabon matuƙi ya ɗauki rayukan mutane, ya kamata sarakunan ruwa da dattawan mashiga su gwada shi a kan kogin, sau ɗaya da rani, sau ɗaya kuma a watan Satumba.