Masu Sanin Sirrin Ciyawa

Ga wanda ya tashi a birni, daji bayan ruwan Yuli kore ne kawai, ko'ina iri ɗaya. Makiyayin da ya tsufa a bayan shanu kuwa, da mai yankan shuci, da macen da ke saƙar faifai, kowace ciyawa da sunanta suke kiranta. Sun san inda take so, sun san amfaninta, kuma daga ganinta suke gane halin ƙasar da ta tsiro a kai.

Da hannu ake fara wannan sani. Gwani zai tsinko kara ya murza tsakanin babban yatsa da manuni. In ya mirgina sumul, ga gaɓoɓi irin na karan dawa, to dangin gamba da kyasuwa ne. In ya ji kusurwa uku na tokarar yatsa, babu gaɓa ko ɗaya, ya san 'yan gidan aya ne. Wani lokaci sai ya tono saiwa ya shinshina, domin kajiji ƙamshinsa ke tona shi, shi ya sa mata ke neman sa don haɗa turaren wuta.

Bayan hannu sai ido. Inda ƙarangiya ta yi sarauta, jigawa ce mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa. Makiyayi ya san dabba na cin ta da daɗi tun tana ɗanya, kafin ta fitar da ƙayar da ke maƙale wa wando. Gamba ba ta mutuwa da rani. Gindinta na nan a raye, da yayyafin farko ta toho, ta ceci shanu a lokacin da yunwar bazara ta fi tsanani. In ta ƙosa ta wuce tsayin mutum, sai masu saƙar zana su zo da lauje. Kyasuwa mai laushi ce, ita ake yanka a shanya a ajiye ingirici. Tofa na mamaye gonar da ta gaji ko ta sha ƙuna, manomi na kuka da saiwarta, mai jinka na murna da ganyenta. Wanda ya hangi jema ko burgu kuwa ba ya tambaya, ya san ya sauko fadama.

Mutanen dausayin Haɗeja da Nguru sun ga amfanin wannan ido. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa ya janye da rani sai ya koma kwanciya a wasu wurare duk shekara. Kachala, mai son ruwan da ba ya ƙafewa, ta bazu ta toshe hanyoyin jirage, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Masunta da makiyaya sun gane cewa yawanta alama ce ta sauyin tafiyar ruwa.

Wannan ilimi a baki da tafin hannu yake, kuma burtali na ƙara ƙuntata, gamba na ƙara nisa da gari. Ya kamata malaman aikin gona su riƙa fita daji tare da waɗannan dattawa, su rubuta sunayen da wuraren tun masu su na da ƙarfin nunawa.